Facin da Na Yi wa Jirgin Kawu Sale

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi da daɗin rai ba. Da na zauna a teburin mai shayin bakin garejinmu sai wani ya matso ya ce, "Bala Faiba, wai da gaske mace ce ta jefa ka a teku?" Wani kuma ya ce a'a, shi ya ji kada ne ya biyo ni. To ba teku ba ne, babu kada, kuma ba jefa ni aka yi ba, da ƙafata na shiga. Tunda kowa ya ƙago nasa, gara in rubuta nawa sau ɗaya in huta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Sana'ata gyaran faiba ce a nan Suleja. Bambar mota ta fashe, tankin ruwa ya tsage, duk wurina ake kawowa. Yadda muke aikin a gareji ba ɓoyayye ba ne: a ɗora tabarmar faiba a kan tsagar, a shafe ta da rezin, a cika masa hadna don ya yi saurin bushewa, a lulluɓe da fila, a goge, a fesa fenti. Mai mota yana tsaye a kanka yana duba agogo zai koma Abuja, shi dai ya ga ƙyalli. Da wannan ilimin na yi suna, kuma da shi na je wa Kawu Sale.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, masunci, yana zaune a wani ƙauye a bakin Gurara gaba da Izom. Yana da tsohon jirgin faiba da ya saya a hannun wasu 'yan kwangila. Da rani yana su da shi, da damina kuma in kogi ya kawo shi ke yi wa matan ƙauyen fito ranar kasuwa, su da doyarsu da goyonsu. A ƙarshen damina jirgin ya bugi dutse, ya yi rami a gefe mai faɗin faranti, sai ya aiko in zo. Na je da rani. Da na leƙa cikin jirgin na tarar da wani tsohon soso cushe ƙarƙashin kujeru da cikin gefuna, ya jiƙe yana wari, ya kuma tare mini hanya. Na yage shi kaf na watsar. Na yi facina irin na bamba, kafin la'asar na gama. Na fesa shuɗin fenti, na rubuta a kan facin da farin fenti: Aikin Bala Faiba, Suleja.

Kawu ya shafa wurin da tafin hannu ya ce, "Bala, zai riƙe?"

Na ce, "Kawu, har jikokinka."

Hoton wannan facin ne ya kai ni Kwatano. Maƙwabcinmu a Bagama, Baba Yohanna, mutumin Filato ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ba shi da abin so a duniya kamar fatsa. Kullum yana kallon Amurkawa a waya suna kama wani kifi da suke kira bas, mai kama da ƙaramin giwan ruwa, a cikin wasu jirage na faiba masu ƙyalli. Ya ci alwashin kafin ya mutu sai ya mallaki irinsu, ya kuma ji ana samun tokumbo a Kwatano. Da na nuna masa hoton sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, kai ne za ka raka ni. Ni ban san kwaliti ba, kai ka sani." Ban gaya masa cewa wannan ne karo na farko da na taɓa jirgin ruwa ba. Ban kuma gaya masa ban iya ruwa ba, har a ranar facin ma a kan tudu na sa aka jawo mini jirgin.

Mun tashi da sassafe, hadarin farkon damina yana haɗuwa ta gabas. A mota Baba Yohanna ya sanar da duk fasinjoji cewa da injiniyan jiragen ruwa yake tafe. Da muka hau babbar gadar kogin Kwara kafin Lokoja sai kowa ya juyo yana jiran in yi bayani, ni kuwa na runtse ido na riƙe kujerar gaba har muka ƙetare. Wata mata mai sayar da atamfa da ke gefena ta tambaya ko lafiya. Baba ya ce mata, "Yana lissafin zurfi ne, kar ki dame shi." A Lokoja ya saya mini soyayyen kifi, ƙaya ta maƙale mini a maƙogwaro, ban rabu da ita ba sai Okene, bayan na haɗiye lomar teba uku ba miya.

Mun kwana a Legas wurin wani ƙanensa, washegari muka bi ta Badagiri zuwa Seme. A kan iyaka muka nuna takardunmu da katin rigakafi. Jami'in ɓangaren Benin ya tambayi sana'ata, kafin in buɗe baki Baba ya amsa mini. Mutumin ya ɗago ya dube ni, ya ce da gurgun Turancinsa ya taɓa zuwa Abuja, ya kuma bi ta Suleja. Yana so ya sani, a ina jiragen suke tsayawa, a gindin dutsen Zuma? Abokan aikinsa suka yi ta dariya. Ya buga mana hatimi, ya sara mini, ya ce a gaida tekun Suleja.

A Zango muka sauka, unguwar Hausawan Kwatano, a wani gida da ƙamshin goro ya kama har katifa. Mai masaukin ya haɗa mu da tafinta, Malam Isufu, wani dogon Bamaraɗe da ke jin Faransanci da yaren garin. Saboda furfurar Baba Yohanna da farin kaftaninsa, duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Sannu Alhaji." Ranar farko ya yi ta gyara musu yana cewa shi dattijo ne a coci. Zuwa rana ta biyu ya gaji, in an ce Alhaji sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yauwa."

Garin yana da nasa abubuwan. 'Yan acaɓarsu duk rigar ɗorawa suke sawa, man fetur kuma a manyan kwalabe ake jera shi a bakin titi. Da azahar ta gabato sai a rufe shaguna a tafi cin abinci a yi barci, ko da kana tsaye da ciniki a hannu. A Suleja wanda ya yi haka sai a fara tambayar wa ya rasu. Da safe aka kawo mana burodi dogo mai tauri, na mayar wa mai shagon na ce na jiya ne. Malam Isufu ya jawo ni gefe ya ce, "Kai Malam, kak ka ba mu kumya. Haka shi ke, yanzu ya hito wuta." Akasarsu kuwa, wadda ita ce kafa a wurinmu, da miyar tattasai da kifi, ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Kuma har yau suna kashe kuɗin ƙarfe, abin da rabona da riƙewa tun ina firamare.

Jirgin da muka zo nema mun same shi a wani fili kusa da tashar jiragen ruwa, a kan tirela. Gaskiya ya haɗu. Ja ne, fentinsa da ɗigo-ɗigon ƙyalli kamar leshin biki, samansa shimfiɗe da kafet, ga kujeru biyu masu juyawa. Har da wani akwatin ruwa a ciki, wanda Baba ya ce a nan ake ajiye kifi da ransa, a kai shi a auna, a ɗauki hoto, sannan a mayar da shi kogi.

Malam Isufu ya ce, "A maishe shi ina?"

"Ruwa."

"Kihin da an ka kama?" Ya girgiza kai. "Allah shi kyauta. Ƙoshi dai bai yi ba."

Baba ya ce in duba kwaliti. Na zagaya jirgin sau biyu hannuna a baya, na naushi gefensa kamar yadda nake yi wa bamba, na duƙa na leƙa ƙasa ban san abin da nake nema ba. Na miƙe na ce lafiyarsa ƙalau. Da a Suleja ne da an gama ciniki a nan. Amma mai jirgin da kansa ya ce a garin ba a sayen jirgi sai an kira Madam Sena ta saurare shi. Na ɗauka kuskuren tafinta ne, na ce ai jirgi ba rediyo ba ne.

Madam Sena ta iso a bayan acaɓa. Gajeruwa ce, ta kai shekara sittin, hannuwanta duk tabon rezin. Ba ta ko kalli fentin ba. Ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin ƙarfe guda ɗaya, ta kara kunne a jikin jirgin, ta fara ƙwanƙwasawa tana tafiya a hankali. Ko'ina ƙarar tana fita tas, tas, tas. Da ta zo allon baya, inda ake ɗaura inji, sai ƙarar ta koma buf, buf. Ta nemi izini ta kwance ƙusa ɗaya daga inda aka taɓa ɗaura injin. Wani baƙin ruwa mai wari ya biyo ramin, ta zura waya ta jawo ruɓaɓɓen katako kamar jiƙaƙƙiyar dusa.

Isufu ya fassara: a cikin allon akwai katako da aka lulluɓe da faiba, ruwa ya bi ramin ƙusa ya shiga shekara da shekaru. Ranar da aka ɗaura babban inji aka taka wuta, injin zai tafi da allon, ya bar mai jirgin da kujerarsa mai juyawa.

Baba Yohanna ya dube ni. Na ce ai dama wurin nake shirin zuwa ta riga ni.

Maimakon ya yi fushi, sai bawan Allah ya so ya wanke ni. Da muka bi ta zuwa ma'aikatarta da ke bakin tafkin garin, ya ciro waya ya nuna mata hoton facina, ya ce ta ga aikin injiniyansa. Kafin ta ce komai sai ta zagaya da mu. A nan na ga duniya a juye. Mu fenti ne ƙarshen aiki, su fenti ne farko. Suna da mol mai siffar jirgi, kamar yadda mai bulo yake da nasa. Sai a goge cikinsa da kakin zuma, a fesa fentin a jikinsa, sannan a bi da tabarmar faiba falle bayan falle, mai laushi da mai saƙa irin ta buhu, jirgin yana ginuwa daga waje zuwa ciki. Mata biyu suna bin kowane falle da wata ƙaramar rola mai tsaga-tsaga suna korar iska, don duk kumfar da ta ɓuya a ciki rami ce da ke jiran ranarta. Hadna kuwa da sirinji suke auna shi. Ta ce manyan kamfanoni suna da bindigar da ke yanka zaren tana fesa shi haɗe da rezin, aikin yana sauri, amma kaurin jirgin ya dogara da hannun mai feshin da abin da ya karya da shi ranar. Daga ƙarshe ta nuna mana soson da suke cusawa a gefuna da ƙarƙashin kujeru. Ta ce shi ne ran jirgin, ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba.

Da na ji zancen soso sai na tuna wanda na yage a jirgin Kawu.

Sannan ta karɓi wayar ta ƙura wa hoton ido, ta fara tambaya, Isufu yana juyawa. Na kankare gefen ramin da garanda har na wuce tsohon fenti? Na ce na dai goge da tsumma. Falle nawa na sa? Biyu. Ta ciki fa? Ban taɓa ciki ba. Wannan sumul ɗin da mene ne? Filar mota. Kwana nawa na yi? Na ce kafin la'asar na gama, kuma har ga Allah da alfahari na faɗa.

"Ta ce, wa ka shiga jirgin ga?"

Na ce kawuna, da matan ƙauye ranar kasuwa.

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka jawo wani ƙaramin jirgi mai rami a ƙasa, ta ba ni kayan aiki, har fila ta aika aka sayo, ta ce in yi mata irin na Suleja sak. Na zage na yi, ya fito sumul, Baba yana ta ɗaukar hoto. Ta ce mu dawo gobe.

Washegari na tarar an sa jirgin a ruwa. Isufu ya ce al'adar gidan ke nan tun zamanin mahaifinta: duk wanda ya yi faci shi ne fasinjan farko, kuma a kan facin zai zauna. Na ce ina da mura. Na ce ban yi sallar walaha ba. Baba Yohanna ya ce, "Injiniya, shiga mana ka nuna musu Najeriya." Ma'aikata sun ajiye rola sun taru a bakin ruwa. Haka na cire takalmi na shiga, na zauna a kan aikina, Madam Sena ta zauna a baya da filafili.

Mun yi nisan da bai fi daga garejinmu zuwa bakin titi ba, sai ta ce in ɗan matsa. Ta miƙe ta sa dunduniya ta doki facin sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Ya ɓalle gaba ɗayansa kamar murfin tukunya, ruwa ya yo sama. Abin da na faɗa a lokacin ban riƙe shi duka ba. Isufu ya ce na yi kalmar shahada, na kira sunan matata Hajara, na kuma yi wasiyya a kan kwamfuresata ta feshin fenti. Na rungume kujera na rufe ido ina jiran mutuwa. Ruwan ya zo mini ƙugu ya tsaya. Da na buɗe ido jirgin yana nan a cike taf, yana lilo, soso ya riƙe shi. Madam Sena kuma ta sauka tana tsaye a gefe, tafkin bai wuce mata ƙirji ba. Mutanen bakin ruwa har da masu zama a ƙasa don dariya, Alhaji Yohanna yana share hawaye da hannun kaftani.

Ni ma na so in yi dariyar, amma ba ta zo ba. Ina zaune a cikin ruwan nan sai na ga Gurara a watan Agusta, ja wur, tana tafe da itatuwa. Na ga jirgin Kawu da mata goma da doya, facin ya nutse ƙarƙashin ruwa saboda nauyi, kuma babu soso ko na wankin kwano a cikinsa, don ni na yage shi da hannuna. Tsoron da na ji a lokacin ya fi na nutsewar, kunya kuma ta fi tsoron.

Da muka fito na kira Kawu, wayarsa ba ta shiga, dama ƙauyen sai an hau tudu. Na kira Hajara ta ce kwana biyu ke nan ana tafka ruwa. Kasuwa kuma saura kwana uku. Na ce wa Baba ni na tafi. Ya ce shi zai tsaya Madam ta gina masa nata jirgin, marar kafet. Ita kuwa ta zaunar da ni rabin yini ta nuna mini yadda ake fiƙe bakin rami ya yi faɗi, a busar, a jera falle daga ciki da waje. Ta haɗa mini rola da sirinji da ruwan soso galan biyu, wanda in an gauraya yake kumbura. Da zan tafi ta kwance bakin zane ta ba ni kuɗin ƙarfen nan. Isufu ya ce, "Ta ce ba na kashewa ba ne."

Hanyar dawowa ba ni da labarinta. Na dai san a gadar Kwara idona a buɗe yake.

Na isa bakin Gurara da hantsin ranar kasuwa, ko gida ban biya ba. Kogin ya kawo. Jirgin yana bakin gaɓa, an riga an loda doya, mata huɗu sun shiga sun zauna, sauran suna tattare zane. Kawu ya hango ni ya washe baki, ya ce wa matan ga mai aikin nan da kansa, daga ƙasar waje. Suka fara yi mini sannu da zuwa.

Na ce a sauke kayan. Aka sauke ana gunaguni, muka jawo jirgin kan yashi. Na durƙusa na ciro kuɗin ƙarfen. A jikin jirgin tas, tas, tas. A kan sunana buf, buf.

Kawu ya duƙo kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Bala, zai riƙe?"

Na ce, "Ba zai riƙe ba, Kawu. Ƙarya na yi maka."

Na zura sukundireba a gefen facin na ɗan taɓa, ya faɗo a hannuna, da sunana da Suleja da komai. Bayansa a jiƙe yake sharkaf. Can wata tsohuwa da ke riƙe da jikarta ta dubi ramin, ta dubi kogin, ta dube ni, ta ƙara riƙe hannun yarinyar. Sauran kam ba su raga mini ba, don ranar ba wadda ta ci kasuwa, kuma duk abin da suka kira ni na amsa.

Kwana biyar na yi a ƙauyen. Na kankare, na shanya, na jera falle bakwai ciki da waje, ina bin kowanne da rola har hannuna ya sage. Na zuba soso a duk inda na yage na da. Facin ya fito da muni, ba ƙyalli, ban kuma rubuta komai a kansa ba. Tsohon facin mai sunana yana rataye yanzu a garejina, masu tambayar labarin teku suna iya zuwa su gani.

Da muka tura jirgin ruwa rana ta shida, mutanen ƙauyen sun taru a gaɓa. Kawu ya shafa wurin da tafin hannu kamar wancan karon, ya ɗago zai yi tambayarsa. Ban jira ba. Na cire takalmi na shiga, na zauna daram a jikin facin, na riƙe gefen jirgin da hannu biyu.

Ya ce, "Kai da ba ka iya ruwa ba?"

Na ce, "Shi ya sa, Kawu. Tuƙa mu je."